Ranar da Na Ce a Cike Tafkin Legas da Shara

Matso nan, 'yar'uwa, wannan ba maganar ɗaga murya ba ce. Ba zan taɓa mantawa ba, ko ƙwaƙwalwata za a wanke da omo, da ranar da na je barka gidan surukan 'yata Zainab a Tarauni.

Ni dai a Gyadi-Gyadi aka haife ni, nan aka aurar da ni, tafiyata mafi nisa Wudil ce. Boko aji uku na yi. Amma in dai duba gida ne, kaf layinmu ni ake kira. Duk nas ko ɗalibar babban asibitin da ke kusa da mu da za ta kama haya sai ta ce, "Umma, zo ki gane min." In ƙwanƙwasa bango, in leƙa makwarara, in nemo inda ruwan damina ya bar zane. (Ladan kuwa "Allah ya saka", sai lemo in an yi sa'a.)

To Zainab, autata, wani likita ne ya fito nemanta. An yi gaisuwa, saura sa rana. Sai yayarsa ta haihu, ya kama in je barka wurin mahaifiyarsa, Hajiya Bilki. Har bakin ƙofa Zainab ta biyo ni.

"Umma, don girman Allah, gaisuwa kawai. Mutanen nan ba sa son hayaniya."

Na ce, "Ni kike koya wa zama da mutane?"

Na zauna a falonsu, bakina gum, har muƙamuƙina ya fara ciwo. Can wani mutum cikin farar shadda ya haɗa wayarsa da talabijin yana nuna wa Hajiya wasu gidaje na sayarwa a Legas, sababbi fil, farare tas, gilashi tun daga ƙasa har sama. Wai gidajen hutu. (Ni a sanina hutu tabarma ce da inuwa, ashe har gida ake saya masa.) A bayansu kuwa ruwa ne shimfiɗe.

Hajiya Bilki ta juyo, don kara kawai, ta ce, "Maman Zainab, an ce kin san gida. Ya kika gani?"

Amsar wannan tambaya "Ma sha Allah" ce, ko jaririn da aka haifa ya sani. Ni kuwa sai na gyara mayafi na miƙe.

"Malam, mayar da hoton baya. Tsaya nan. Wannan mene ne?"

"Ruwa ne, Hajiya."

"Na san ba fura ba ce. Kududdufi ne! Hajiya, kar ki yarda. Sauron wurin nan sai ya ɗauke ki da gadonki. Ga kukan kwaɗi, ga danshi ya ci bango. Ku dillalai haka kuke, ku shafa wa gida fenti ku haɗa baiwar Allah da zazzaɓi."

Hajiya ta yi tari. Na ɗauka yabo ne, na ƙara wuta.

"Ko dai a karya kuɗin, ko a cike shi. Ai ba wuya. A ce wa 'yan unguwa su riƙa zuba shara, a bi da tifar ƙasa. Shekara biyu ya zama fili, har ku yanka ku sayar. Mu nan sau nawa aka yi a gabanmu?"

Mutumin ya ce a hankali, "Hajiya, tafki ne na ruwan gishiri, da teku yake haɗe. Jiragen ruwa ke bi ta kansa. Ruwan ma shi ake saya. Gidan da ya fi kusa da shi, shi ya fi tsada."

Hajiya Bilki tana kallon kafet ta ce, "Maman Zainab, wannan Alhaji Sabo ne, ƙanin marigayi maigidana. Shi ya gina su. Shi ne waliyyin Dokta."

Wallahi na nemi ƙasa ta tsage, sai dai tayil ne mai tsada, ko motsi bai yi ba. Abin da bakina ya samo kawai shi ne, "Allah ya raya." Wa nake wa addu'ar, jariri ko tafkin, oho.

Kwana huɗu Zainab ba ta ci tuwona ba. Ni kuma duk sallamar da aka yi sai in ce ga kayan gaisuwa nan an zo karɓa. Ran na biyar sai ga Alhaji Sabo da kansa da mutanensa, sun zo sa rana. Da zai tafi ya ce wa Malam, maigidana, "A gaida injiniya. A ce mata mun fara tara sharar." Har yau a dangin nan sunana ke nan, jikokina ma sun ɗauka.

Na dai koyi darasi: in masu kuɗi suka ce "ya kika gani?", ba ganinki suke nema ba, gyaɗa kai suke so. Amma tsakani da Allah, ke za ki zuba dukiyarki ki kwana a bakin ruwan da ko tuwo ba za a tuƙa da shi ba?