Rasuwar Mai Ido Ɗaya, Kyamarar Gidan Grozdan

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Grozdan Vutov, tsohon mai duba tikiti a jirgin ƙasa, mazaunin hawa na uku a benen da ke bayan tashar Mezdra, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da tsofaffin abokan aiki rasuwar kyamararsa, wadda aka fi sani da Mai Ido Ɗaya. Rai ya yi halinsa ranar Lahadin ƙarshen watan Agusta a garin Varna, bayan doguwar jinya. Ta yi shekara arba'in da 'yan kai a hannunsa. Shekarunta na haihuwa kuwa babu wanda ya sani, domin ta hannu ya saye ta wurin wani direban jirgi, a shekarar da ya auri matarsa Nevena.

Ya manna wannan sanarwa a ƙofar bene, inda ake manna sanarwar rasuwar mutane. Wanda ya ga abin bai dace ba, ya daure ya karanta zuwa ƙarshe.

Marigayiyar baƙa ce, mai nauyi, mai kamun kai. Ba ta cin batir, ba ta neman caji. Maganarta biyu ce tak a duniya: in an ja hannunta ta ce kirrr, in an danna ta ta ce ƙyas. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Ba ta rage wa mai tumbi tumbinsa, ba ta ɓoye wa mai furfura furfurarsa. Ta kuma koya wa mutanen gidan haƙuri, domin abin da ta gani yau sai bayan makonni take faɗa, in an kai fim wurin wanki.

Aikin jirgi bai ba Grozdan dukiya ba, amma ya ba shi tikitin kyauta shi da iyalinsa, bai kuwa yi wasa da shi ba. Duk hutun da ya samu sai ya rataya Mai Ido Ɗaya a wuya, Nevena ta naɗe banitsa, wato gasasshiyar fulawa mai cuku, a jarida, su kama hanya. Marigayiyar ta ga tafkunan dutsen Rila da sanyin safiya. Ta ga jajayen duwatsun Belogradchik, ta ga gonakin wardi na Kazanlak lokacin tsinka. Shi Grozdan duwatsu da ruwa yake so. Nevena kuwa filin wasanni take so, inda ake da dawakan katako masu zagaye da ƙananan motoci masu karo da alewar auduga. Ko bayan 'yarsu Tsveta ta girma ta daina hawa, ita ba ta daina ba. A gaban kowane dutse ma sai ta shiga hoton ta tsaya ƙerere.

"Matsa kaɗan mana, kin tare min dutsen," in ji shi.

"Dutsen yana nan gobe, tsoho. Ni ɗauke ni yau."

Ciwon marigayiyar ya fara ne da sanyin shekarar da Nevena ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Tafiya ta tsaya. Kyamara ta zauna a kabad har labulen da ke cikinta, wanda ke buɗewa ya rufe in an danna, ya fara nawa. Wani lokaci ta amsa nan take, wani lokaci sai ta yi tunani tukuna. Tsveta ta aiko masa da waya mai ɗaukar hoto daga Sifen, inda take aiki, ta ce, "Baba, ka bar tsohuwar nan ta huta haka." Ya yi godiya, ya saka wayar a durowar cokula.

Cikin bazarar bana likita ya ja Grozdan gefe a barandar asibiti, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa a kan zuciyar Nevena. Bai faɗa mata abin da aka ce ba, ita ma ba ta tambaya ba. Da suka koma gida sai ta ce ya kai ta Varna, tana so ta hau babban lilon nan na bakin teku, mai juyawa kamar ƙafar keke. Ya ce hanya da nisa. Ta ce ai shi ma'aikacin jirgi ne, ba yau ya san da nisa ba. Ya sayi fim, ya goge idon marigayiyar da gefen rigarsa, ya tura Nevena a keken marasa lafiya har cikin tarago.

A gindin lilon, mutumin da ke kunna inji ya dubi keken ya sosa ƙeya.

"Baba, ba a hawa da keke fa."

"Ba da keke za ta hau ba. Da ni za ta hau."

Mutumin ya tsayar da inji ya kama. Su biyu suka ɗaga ta. Nevena ta ce masa, "Ɗan nan, riƙe ni da kyau. Wannan tsohon ya taɓa kayar da ni a cikin rafi yana neman haske."

Suka tashi sama a hankali. A can ƙololuwa lilon ya tsaya ana ɗaukar wasu a ƙasa. Teku ya shimfiɗu a gabansu, jiragen ruwa ƙanana kamar takalman yara. Grozdan ya ɗauki teku, ya ɗauki Nevena iska na wasa da ɗankwalinta. Kirrr, ƙyas. Kirrr, ƙyas. Rabon da muryar marigayiyar ta fita sarai haka an daɗe.

"Ba ni ita," in ji Nevena.

"Hannunki fa?"

"Ɗayan yana aiki. Gida cike da hotuna kwali-kwali, babu kai ko a guda. In Tsveta ta zauna dubawa sai ta ɗauka ni kaɗai na yi yawon nan."

Grozdan ya buɗe baki zai musa, sai ya rasa hoton da zai kafa hujja da shi. Bai taɓa yarda wani ya riƙe kyamarar ba, bai kuma taɓa lura da abin da hakan ya jawo ba. Ya cire igiyar ya rataya mata, ya ja hannun, ya daidaita komai, ya koma ya zauna. Sai ya rasa yadda zai yi da fuskarsa.

"Cire hular," ta ce. "Rufe bakin. A'a, buɗe shi, wautar ta fi yi maka kyau."

Ta danna. Marigayiyar ta ce ƙya, ba ta ƙarasa ba. Labulen ya buɗe bai rufe ba. Grozdan ya san muryarta kamar yadda ya san tarin matarsa, nan take ya gane.

"Ya ɗauku?" in ji Nevena.

"Ya ɗauku."

An garzaya da marigayiyar wurin Lyuben, mai gyaran agogo da kyamara a Vratsa. Ya kwance ta a kan farin ƙyalle, ya leƙa, ya sake leƙawa, sannan ya cire tabarau ya ce, "Grozdan, sai haƙuri. Abin da ya tsinke an daina yin irinsa tun kafin in yi gashin baki." Ya ceto fim ɗin ya wanke. Duk hotunan sun fita, har da teku da ɗankwali. Na ƙarshen ne kawai ya fito fari fat, haske ya cinye shi.

Grozdan ya ɓoye shi a aljihu, da ya koma gida ya miƙa wa Nevena sauran. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta miƙo hannu ta ce ya kawo wanda ita ta ɗauka. Ta daɗe tana kallon farar takardar.

"Ba komai," ta ce. "Ni dai na gan ka ta ciki. Ashe haka kake ganina duk shekarun nan, 'yar ƙarama a cikin ɗan akwati?"

"Haka ne."

"To, kai ma ka yi kyau a ciki."

Ya tashi ya shiga kicin ya kunna famfo, ya daɗe bai fito ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar jakar fata wadda ɗinkinta ya saki, da marfin ido, da sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku wadda ƙafarta ɗaya ke ɗingishi. Ta bar fim biyu da ba a buɗe ba, suna firij kusa da cuku, ba a san makomarsu ba. Ta bar hotuna masu yawa a ƙarƙashin gado. Ta bar Grozdan, ta bar Nevena.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a gidan mamaciyar. Za a naɗe ta a cikin ƙyalle mai laushi, a ajiye ta a kabad ɗin gilashi, idonta yana kallon taga. Za a raba dafaffiyar alkama mai sukari kamar yadda aka saba, akwai kofi, akwai barasar gida ga mai so. Kada a kawo furanni. Kada a kawo sabuwar kyamara, ko da aro. Za a tashi kafin rana ta take, domin Nevena tana gajiya da wuri, amma ta ce za ta zauna a falo, tana so ta ga kowa.

Ana roƙon masu zuwa su yi wa Grozdan ta'aziyyar kyamara kawai. In ya yi kuka, a bar shi ya yi, kada kowa ya ce masa ai ƙarfe ne da gilashi. Ya sani.