Gadar Da Ta Ƙi Faɗuwa

Ba kowane gari ke dacewa da shugaban sashen gyaran gadoji wanda laka ba ta taɓa ganin takalminsa ba. A gabansa "Ranka ya daɗe, Injiniya" ake ce masa, a bayan idonsa kuwa Bokan Gada. Ƙananan injiniyoyi ne ke shiga ƙarƙashin gada suna ƙwanƙwasa ginshiƙai. Shi daga kujerarsa yake zuba wa kwamfuta shekarun gada da nauyin motoci, ita kuma ta faɗa masa wadda ajalinta ya kusa.

"Ido yana ƙarya," yakan ce. "Lissafi ba ya yi."

Bana kwamfutar ta yanke wa Tsohuwar Gada hukunci: ba za ta ga ƙarshen damina ba. Sabuwar Gada kuwa sai jikoki sun gaji da ita. Boka ya kai wa darakta wannan bushara. Daraktan, wanda bayanin Boka ya daɗe da kai shi wuya, ya ce, "To. In damina ta wuce tana tsaye, kujerarka ce za ta faɗi."

Nan da nan Boka ya rufe Tsohuwa, ya kafa allon gargaɗi ɗauke da sunansa da duk digirorinsa, ya kora manyan motoci kaf kan Sabuwa.

Daga ranar ya fara ziyarar gada, abin da bai taɓa yi ba. Kullum da safe yana bakin Tsohuwa yana leƙen tsaga, kamar magajin da ya zo duba attajiri mara lafiya. Ruwa ya yi ta zuba, kogi ya cika ya batse. Tsohuwa ko tari ba ta yi ba.

"Maigida," in ji matarsa, "ban taɓa ganin mai gyara yana addu'ar abu ya rushe ba sai kai."

"Ba rushewa nake roƙo ba. Nasarar ilimi nake roƙo."

Direbobi suka kawo kuka cewa Sabuwa tana rawa. Ya duba kwamfuta, ya tabbatar musu da cewa ƙafafunsu ne ke rawa. A wurin kowa gani ya kori ji, a wurin Boka lissafi ya kori gani.

Wata safiya Sabuwa ta durƙusa. Allah ya kiyaye, babu wanda ya mutu, sai wata tirelar siminti da ta yi wanka. Boka ya gyara wuyan riga ya fuskanci darakta.

"Mun yi hasashen gada ɗaya za ta faɗi bana, kuma ɗaya ta faɗi. Maganar wacce ce, wannan ƙaramin bayani ne."

Darakta ya karɓe makullin ofis da na mota.

Gidan Boka kuwa a tsallaken kogi yake. Ya rungumi kwamfutarsa, ya sunkuya ta ƙarƙashin allon da ke ɗauke da digirorinsa, ya taka a hankali yana salati. Tsohuwa ta haye da su, shi da kwamfutar, ko gezau ba ta yi ba.