Darbejiyar da Na Sare Saboda Fim

'Yata mai karatu a Dutse ta ba ni labarin wani gajeren fim da ke yi wa masu saye-sayen banza ba'a, waɗanda kwaɗayinsu ke ƙona duniya. Na nema a waya, ya ƙi buɗewa. Na dubi darbejiyar tsakar gida, na tabbata ita ke tare sabis.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, inuwar fa?"

Na ce, "Ke dai miƙo gatari."

Na sare ta. Ashe fim ɗin ne ba a nunawa a ƙasarmu. A bazarar nan zafi ya kashe mana tunkiya mai ciki.

Har yau, in rana ta take, sai ta ce, "Malam, kunna mana fim ɗin mu sha inuwa."