Janar Vaissade da Ƙofofi Tara

Duk wanda bai san Yallaɓai Hilaire Vaissade ba, to bai san keke ba. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma babban mutum irinsa ai ba ya ƙarya. Shekara talatin da ɗaya ya yi a Paris yana buga hatimi a wani ofishin inshora. Sai Allah ya dube mu da idon rahama, ya yi ritaya, ya dawo ƙauyenmu Lavernhac don ya wayar mana da kai. Kafin ya dawo mu dai hawan keke kawai muke yi. Shi ya sanar da mu ashe tun muna yara ba daidai muke hawa ba.

Ku zo ku ga shiga! Riga ruwan ƙwai mai kama jiki, tumbi na gaba yana buɗe hanya. Wando ya matse shi kamar an ɗura shi a ciki da mazurari. Kekensa mai batir ne, kuɗinsa ya sayi saniyata biyu har da ɗan maraƙi. Da buroshin haƙori yake wanke shi. Kullum da safe zai hau tun daga ƙofar gidansa har shagon shan gahawa, taku ɗari uku cur, ya sauka yana haki, ya zauna da hular kwano a ka yana ba mu labarin duwatsun da zai hau baɗi. Muka sa masa suna Janar. Ya ɗauka da gaske ne, har yana ɗaga mana hannu.

Ni ne Firmin, shanu nake tatsa. Ƙanwata Maylis ita ce ta rage mini a gidanmu. Shekara uku yarinyar nan ta yi tana bin tsofaffin burtalin shanu da adda, tana sare ƙaya, har ta fitar da hanyar keke mai kilomita talatin da huɗu. Daga gaban coci, ta bi ta kangon hasumiya, ta tsallake gadar dutse, ta ratsa ƙauyuka biyu, ta dawo. Hukumar masu keke ta ce za ta turo mai dubawa. In hanyar ta ci, majalisar ƙauye za ta ɗauki mai kula da ita da albashi. In ba ta ci ba, Maylis sai Toulouse, aikin ɗaure kwali a wani sito. Har ta sauko da akwati daga saman kabad.

To hanyar nan ƙofofin makiyaya tara take ratsawa, kowace da mai ita. A nan ba takarda ake yi ba. In bazara ta shigo sai ka je gidan mutum, ka zauna a kicin, a zuba maka gahawa. Ka ji labarin ciwon gwiwa, ka ji farashin maruƙa, ku zagi ruwan sama tare. Sai ka tashi tafiya, hannunka a kan ƙofa, ka ce, "Af, batun masu keken nan fa." Mai gida ya ce, "A dai riƙa rufewa." Shi ke nan. Baɗi kuma ka dawo. Haka Maylis ke yi duk shekara.

Bana aka zaɓi Janar shugaban ƙungiyar kekenmu. Mu shida ne, biyar ba ma so. Ranar da ya hau kujera ya miƙe tsaye ya gyara murya.

"Jama'a, zamanin jahilci ya wuce. A Paris da wasiƙa ɗaya nake juya mutum dubu. Zan rubuta wa manoman nan, in sanar da su ranar wucewa da lokaci. Sanarwa, ba roƙo ba."

Maylis ta ce, "Yallaɓai, ko dai ka leƙa gidan Goggo Léontine? Ƙofar farko tata ce."

"Yarinya, shugaba ba ya zaman kicin. Ke dai kin yi ƙoƙari da addarki. Ranar dubawa ki tsaya a teburin dandali ki yanka wa baƙi burodi da cuku."

Ya cire sunanta daga allon hanyar, ya sa aka rubuta Hanyar Vaissade da manyan baƙaƙe. Wasiƙu tara suka fita, kowace da hatimi biyu, don ɗaya bai isa ya nuna girman mai shi ba.

Maylis ta lallaɓa gidan Goggo Léontine ta ba da haƙuri. Tsohuwar nan shekararta tamanin da huɗu, kuma abin da ta ce shi sauran takwas ɗin ke yi. Ta ce, "Sha gahawarki, 'yar nan. Ke ba ni da matsala da ke. Amma wanda ya sa hannu a takarda, ai yana da ƙafa."

Ranar ta zo, Asabar, gari ya yi wasai. Mai dubawar wata 'yar siririyar mata ce mai furfura, Madam Galtier, kekenta duk ƙwarzane. Janar ya kalli keken ya yi murmushin tausayi. Ya yi jawabi na minti arba'in a gaban coci, ya ambaci kansa sau goma sha tara. Ni na ƙirga. Sannan ya busa usur, mu uku kacal, ya ce, "A biyo ni." Ni aka sa a baya da famfon hura taya.

Ƙofar farko: sarƙa da kwaɗo. Ga wasiƙar Janar an sa ta a leda an ɗaure a jiki, kada ruwa ya ɓata hatimin. Goggo Léontine na zaune a kan dutse tana ɓare wake.

"Madam," in ji Janar ga tsohuwar, "bisa ga sanarwata mai lamba ɗaya, ki buɗe."

Ta ƙanƙance ido. "Firmin, wannan wane ne ya yi shigar ɗan tsako?"

"Hilaire ne, Goggo."

"Hilaire na Marcelle? Wanda ya faɗa kwamin shan ruwan shanunmu? Ashe ka girma, ta gaba dai. Makulli na kicin, ɗana, kusa da tukunyar gahawa. Mu je?"

Minti goma ne da ya gama. Amma janar ba ya ja da baya. Ya ce wa Madam Galtier wannan ƙaramin kuskuren ma'aikata ne, ya rungumi keke zai tsallakar da shi katangar dutse. Kilo ashirin da biyar! Ranar keken ya rama hawan da aka yi masa. Madam ta ɗaga nata da hannu ɗaya, ta rubuta wani abu a ɗan littafinta.

Ƙofa ta biyu, kwaɗo. Ta uku, kwaɗo, da mai gonar jingine yana cin tuffa, ya ce mana sannu da aiki. A ta huɗu wayar shinge ta kama wandon Janar ta baya, ta yi masa taga. A tudun da ke gaba batir ya mutu, don tun daga coci ya ƙure shi. Karon farko a rayuwarsa ya taka feda da ƙarfin da Allah ya ba shi, sai ya gane ba a ba shi da yawa ba.

Amma basira ba ta ƙare ba. Ya zaro wayar salula.

"Madam, manyan shugabanni ba sa rasa dabara. Ga gajeriyar hanya a taswira, shuɗin layi miƙaƙƙe, babu ƙofa ko ɗaya."

Na ce, "Yallaɓai, wannan fadama ce."

"Firmin, kai da taswira wa ya yi karatu?"

Ai gaskiyarsa ce. Ya tura keke ya shiga. Taku shida ya yi da mutunci. Na bakwai taɓo ya karɓe shi har cinya. Shanun wurin suka bar kiwo suka taru, ƙararrawar wuyansu na ƙara, suka tsaya suna kallo. Bai taɓa samun masu sauraro masu natsuwa irinsu ba.

Ni dariya ta zo mini, sai na ga Madam Galtier ta rufe littafinta. Ta ce, "Ku yi haƙuri. Ba zan sa hannu a hanya mai kwaɗo ba."

Wallahi akwatin Maylis kawai nake gani. Ni da ban iya magana gaban manya ba, na ji bakina ya buɗe.

"Madam, wadda ta yi hanyar nan tana dandali tana yankan cuku. Ki ba ta awa ɗaya."

Ta dube ni, ta dubi Janar a taɓo, ta ce, "Kira ta."

Maylis ta iso da zanen aikin kicin ɗaure a ƙugu. Suka koma ƙofar farko. Ta ja Madam har kicin ɗin Goggo Léontine, aka zauna, aka sha, aka ji tarihin gwiwa tun daga farko. A bakin ƙofa Maylis ta ce, "Af, Goggo, batun masu keken nan fa."

"A dai riƙa rufewa."

Kafin su kai ƙofa ta biyu waya ta riga ta zaga. Kwaɗo takwas suka ɓace kamar ba a taɓa ƙera su ba. Madam ta hau tudu, ta sauko ta gadar dutse tana ihu kamar yarinya. Ƙarfe biyar ta dafa takardar amincewa a bangon coci ta sa hannu. Ranar ɗaya ga Yuli ƙanwata za ta kama aiki! Ƙanwata, jama'a! Na ɗaga ta sama a tsakiyar dandali tana cewa, "Yaya, sauke ni, kana warin shanu!" Ban sauke ta ba.

Janar kuwa da tarakta da igiya muka zaro shi. Ko wanka bai yi ba ya tare wata mai ɗauko wa jaridar yankinmu labari, wadda ta biyo mu tana ɗaukar hoto.

"Ki rubuta, duk ni na tsara. Gwaji ne na yi wa matasa. Kada ki manta, sunana da harafin s biyu."

Ranar Laraba ya riga kowa zuwa shago, ya sayi jarida ashirin don ya aika Paris. A gabanmu ya buɗe. Ga Maylis da Madam a babban hoto. A ƙasa can ga wani ƙarami, mutum a taɓo, shanu kewaye da shi. An rubuta: wani baƙo mai yawon buɗe ido da ya ɓata hanya, mutanen gari sun ceto shi lafiya.