Ranar da Na Tsayar da Babur da Lissafi

Ba zan taɓa mantawa da taron malaman lissafi da aka yi a Gumel ba, inda za a zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa horar da sauran malaman shiyyarmu. Ni kuwa na riga na ba kaina kujerar, har matata na faɗa wa.

Makamina wata dabara ce da na koyo a jami'a, ta gano saurin canjin abu. Maimakon ka ɗebe lambobi biyu masu kusan kama da juna kuskure ya shigo, sai ka ƙara wa lambarka wani ɗan mitsitsin yanki na lambar zato, wadda ake kira i. In kwamfuta ta gama aiki, ka tsinto ɓangaren zaton, ka raba shi da mitsitsin nan. Shi ke nan, amsa ta fito tas.

Na miƙe cikin sabuwar shadda, na fara da yi wa tsohuwar hanya ba'a (alhali Malam Sabo, wanda ya koya mini ita a sakandare, yana zaune a layin gaba). Na kawo misali da babur ɗina, daga Sule Tankarkar zuwa Maigatari, na ce yanzu za su ga gudunsa a tsakiyar hanya. Na danna kwamfuta. Allonta ya nuna sifili.

Mai hankali da sai ya ce a ba shi minti biyu. Ni kuwa na gyara hula, na dage cewa wannan dabara ba ta kuskure, har ina buga tebur. Sai Malam Sabo ya ɗaga hannu a natse.

"Malam, in babur ɗin a tsaye yake, to mu taya ka tura shi mana."

Dariya har da masu riƙe ciki. Gumi ya jiƙa shaddar nan sharkaf, na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Sai a gida na gano ɓarnar. Da safe, don lambobin su yi kyan gani a allo, na umarci kwamfuta ta share duk ƙananan ɓurɓushi. Ta bi umarni, ta share mitsitsin da amsar take ciki.

Kujerar dai wani ɗan Gagarawa aka ba. Ni kuma na samu suna, Malam Sifili. Tun daga ranar, kafin in ce lissafina ba ya kuskure, sai na fara duba wanda ya danna.