Yadda Na Cinye Wasan Ƙarshe a Gangara

Jiya da la'asar aka miƙa mini makirfo a filin ƙwallo na Gangara, kuma ina roƙon mai karatu ya lura cewa ban nema ba.

A watan Maris ya kamata gasar yankinmu ta ƙare. An yi ta ɗage wasan ƙarshe, tsakanin Gangara da Gidan Sori, har muka shiga Yuni, domin Mai Girma Uban Gasa ya yi alƙawarin buga ƙwallon farko da ƙafarsa mai albarka, ƙafar kuwa kullum tana wani taro. An sayo masa sabuwar rumfa, an shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa. Ragar gola kuma har yau tsohuwar igiyar rijiya ce.

Kamal, ɗan maƙwabcina Audu, shi ke ci wa Gangara ƙwallo. Bana ya ƙi tafiya cin rani, saboda wani mai horar da ƴan wasa daga Maradi ya ce zai zo ya gan shi a wannan wasa. Mutumin ya cika alƙawari, ya zo a kan babur, ya zauna a gindin bishiyar bedi.

Mai Girma ne bai iso ba. Wani ɗan buro, wato ma'aikacin ofishinsa, ya raɗa mini: "Mushe, ka ɗan riƙe mana jama'a. Yana garin Agiye, yana tafe."

Tsohon mushen lakol irina, wato malamin makarantar boko, bai san ma'anar "ɗan riƙe" ba. Na fara da zamanin da filin yake masussuka. Na gyara kuskuren masu cewa ƙwallo ya shigo garinmu a 1959, alhali a 1958 ne, bayan kaka. Ina cikin haka aka aiko cewa Mai Girma ba zai samu zuwa ba, a fara wasa. Na ji saƙon sarai. Amma mutum mai mutunci ba ya barin tarihi a tsakiyar shekarun saba'in, alƙalin wasa kuwa ni na koyar da ubansa, ba ya iya karɓe makirfo daga hannuna. Ya tsaya yana duban gabas, inda hadari ke haɗuwa.

Iska ta ɗauke rumfar, ruwa ya sauko, ruwan shuka na fari. Jama'a suka watse suna hamdala. Baƙon Maradi ya hau babur kafin hanya ta lalace, ya bar saƙo cewa ya riga ya cika ƴan wasansa na baɗi.

Da safe na bi Audu gona don in ba da haƙuri. Duk ƴan wasan garin suna gonaki.

"Mushe, ka kai ƙarshen tarihin kuwa?" in ji shi.

"Da sauran rabi, Malam Audu."

"To, Allah ya yi mana sauƙi da ruwan nan."

Kamal bai ɗago daga sungumi ba. "Ba komai, Baba," ya ce. "Bayan girbi zan bi ƴan'uwana kudu. In an sake sa wasan, a nemi wani."

Na tsaya da hular da ban san lokacin da na cire ta ba.

Na ji labari a buro ana shirin yi mini bikin yabo. Sun yi gaskiya: a duk faɗin Gangara yau, babu wanda ya tuna Mai Girma bai zo ba.