Ruwan Ganye Don Ƙafar Dela

"Lafiya lau nake har ka shigo," inji Dela, ba ta ko ɗago kai ba. "Ina gajiya, mijin da ba ya cefane sai yankan ciyawa?"

"Babu gajiya, amarya. Na ɗauka zan tarar ana zaman makoki in samu gumba, sai ga ki kin tare wuri."

"Sai na binne ka tukuna."

Musaddiƙ ya sauke buhun da ya ɗauro a bayan babur tun daga lambunan bakin dam na Kazaure. Dela kakarsa ce ta wajen uba, tana zaune a gidan marigayi mijinta a Roni, shi kuwa bai daɗe da dawowa daga karatu a Indiya ba. Ƙafarta ta dama na miƙe a kan tabarma, an naɗe babban yatsan da bandejin da ya soma sauya launi. Gyambon ya ƙi warkewa tun lokacin girbi. Likitan da ya duba ta ya ja 'ya'yanta gefe ya ce sukarin jininta ya yi yawa, in ba ta bar kayan zaƙi ta riƙe maganinta ba, ƙafar za a cire. Babu wanda ya gaya mata. Mahaifin Musaddiƙ, Alhaji Abdulnasir, shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta kamawa, balle su zauna su yi irin wannan magana. Ƙannen Alhajin kuma kowa ya ce bakinsa ya yi nauyi. Daga ƙarshe aka ce a tura jika, tunda shi babu abin da ba ya gaya mata.

Ya zazzage kayan a faranti: kokwamba, karas, ɗanyar citta, lemon tsami da damin zogale. Ya nuna mata ɗan injin markaɗen da ya zo da shi, ta tambaye shi ko da wutar Indiya zai yi aiki, don ta Roni rabonta da zuwa har an manta kamanninta. Dole ya ajiye injin ya nemi magogi da ƙaramin turmi.

"Ruwan ganyen da na aiko miki a gora fa, kin sha?"

"Na ba akuya. Ta shinshina, ta dube ni, tun ranar ba ta ƙara gaishe ni ba."

"Akuyar ta ɗauko halin uwar ɗakinta."

"Ta dai fi ka ilimi. Ita ba ta hau jirgi ba ta san ciyawa a baki ake sa ta, ba a kofi ba."

Ya wanke kayan da ruwan gishiri, ya goge karas da kokwamba, ya daka zogalen da citta har suka yi laushi. Tana kallonsa tana zuba. Ta ce a duk mazan da suka nemi aurenta, daga Babura har Gwiwa, ba a taɓa samun mai riƙe taɓarya ba sai shi, kuma gobe za ta kai ƙara wurin alƙali a raba wannan aure. Ya ce ta je, ya ga wanda zai kwashi matar da haƙoranta suka riga ta lahira. Ai taimakonta yake yi, tunda ba ta iya tauna, shi ne yake tauna mata da turmi. Ta ce da haƙoran da babu ta ci naman da ubansa bai taɓa saya ba.

Ya haɗa komai a kwano, ya zuba ruwan randa, ya tace da rariya, ya matse lemon tsami a kai. Ruwan ya fito kore mai duhu. Dela ta leƙa ta ce irin wannan ruwan ta gani a kududdufin bayan gari, kuma can ma kwaɗi sun yi ƙaura. Ta nemi a kawo sukari. Ya ce babu. Ta nemi zuma. Ya ce ita ma babu. Sai ta miƙa hannu bayan matashinta ta jawo lemon kwalba, ta buɗe da gefen cokali kamar mai sana'ar.

A nan ya ga ba shi da sauran wurin kewayawa.

"Dela, ajiye wannan. Likita ya ce in ba ki daina ba, yanke ƙafar za a yi."

Ta yi dariya har ta sarƙe. "To. Bara ka ce ba zan ga damina ba. Kafin ka tafi karatu ka auna ni da igiya wai za ka yanko likkafani. Yanzu ka sauko daga mutuwa ka dawo ƙafa? Kasuwar taka ta faɗi."

"Ba wasa nake ba."

"Haka ka ce ranar igiyar. A yanke mana. Ka goya ni, dama ba ka da aikin yi."

Ta kurɓi lemonta. Musaddiƙ ya zuba ruwan ganyen a kofi, ya tsaya da shi a hannu. Tun yana koyon magana yake kashe matar nan da baki, tana rama wa, mutanen gida na dariya. Duk wata mummunar magana da ke duniya ya riga ya gaya mata ita a wasa, yau da ya zo da ta gaske babu wadda ta rage mai nauyi. Waɗanda suka turo shi ba su yi wannan tunanin ba, ko kuma sun yi, suka ga ya fi musu sauƙi.

Ya ajiye kofin. Ya cire takalmansa, ya koma bakin tabarma ya durƙusa, ya sunkuyar da kai kamar yadda mahaifinsa ke yi in ya zo gaisuwar Sallah. Bai taɓa yi mata haka ba tunda aka haife shi.

"Hajiya, Allah Ya ƙara miki lafiya. Abin da na faɗa haka likita ya faɗa."

Dela ta sauke kwalbar a hankali, ta daɗe tana kallon ƙeyarsa.

"Tashi," ta ce. "Masu durƙusa min sun ishe ni. Tashi ka zauna yadda ka saba."

Ya zauna. Ta gaya masa, ba tare da ta dube shi ba, cewa ba yau ta sani ba. Ranar da aka kai ta asibiti ta ga yadda likitan ya ja 'ya'yanta waje, ta ga yadda suka dawo kowa yana duba wayarsa. Kuma ƙafar a jikinta take, tana jin warinta kafin kowa ya ji. Jira take ta ga wanda zai buɗe baki a cikin waɗanda ta haifa. Ta jira har ta gaji, sai ga shi sun aiko mata da abokin wasa, don in ta yi kuka a ce ai zolaya ce.

"Lemon nan da kake hana ni, ka san mai aiko shi?" ta ce. "Wancan ne, mai gidanku. Duk wata direba zai sauke katan-katan a zaure, wai na ba baƙi. Wane baƙo nake da shi? Shi bai zo ba, lemonsa ya zo. To abin da ya zo shi nake sha."

Musaddiƙ bai kare mahaifinsa ba, don bai ga abin karewa ba. Ya ce shi dai ruwan ganyen nan ba magani ba ne, ba zai maye ƙwayoyin asibiti ba. Abin sha ne kawai da zai zauna a inda kwalbar take zama. In ta yarda, zai riƙa zuwa yana haɗa mata sabo, don ba ya son kwana.

"Kai za ka riƙa zuwa, ko kai ma direba za ka samu?"

"Ni da kaina. Wa zai bar matarsa da direba, ko da ta tsufa ta zama kayan tarihi?"

"Yauwa, dawo hanya, mara kunya. Da ka ce min Hajiya sai da na ji kamar an fara haƙa ramin."

Ta karɓi kofin, ta yi bisimilla, ta kafa kai. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya. Ta sha fiye da rabi kafin ta sauke, ta goge baki da gefen mayafi, ta ce ko maƙiyinta ba ta yi masa fatan wannan, kuma gobe ya rage zogalen ya ƙara karas in ba so yake ya gaje ta da wuri ba. Ya ce me za a gada, tabarma da akuya mai gaba?

Ta yi 'yar dariya gajeriya. Sannan ta kwance ƙullin da ke bakin zanenta, ta zazzage masa 'yan ƙwayoyin sukarin shayin da take ɓoyewa a tafin hannu, duk sun yi laushi da zufa.

"Ga tukwicinka. Kada ka ce na ci wahalarka."

Ya rufe hannunsa a kansu. Ya tashi zai wanke turmin, ta kira shi da muryar da ba ta wasa ba.

"In ka koma, ka ce wa wancan ya daina aiko lemo. Ya zo ya gaya min maganar ƙafar nan da bakinsa. Ba sai ya dube ni ba, ya kalli bango ya faɗa, zan ji."